Bindigar gado mai ɗana kanta: a riƙe ta, a sauya ta, ko a miƙa ta?

Ranar addu'ar bakwai ta yayana a Daura, bayan jama'a sun watse an naɗe tabarmi, babban ɗansa ya ja ni zuwa turakar marigayin. Ya zaro wani dogon ƙunshi daga bayan sif, naɗe cikin tsohuwar babbar riga. Tun bai kwance ba na san abin da ke ciki, don ni ne mai riƙe wa mai ita jaka in za a fita daji, lokacin ina ɗan makaranta. Remington 742 ce, ƙirar Amurka, irin mai ɗana kanta: ka taɓa kunama ta tashi, ta tofar da kwanso, ta ɗauki wani harsashin da kanta, ta tsaya jiran yatsanka.

"Baffa, yaya zan yi da ita?" in ji shi. "Raina na son ta, amma tun jiya gabana ke faɗuwa."

Na ce, "Ɗana, faɗuwar gaban nan ta fi son ran gaskiya. Zauna mu yi lissafi."

Ba shi kaɗai ke cikin wannan ba. A gidajen tsofaffin ma'aikata a Katsina da Daura akwai bindigogin farauta na shekarun 1960 da 1970 kwance a bayan sif ko ƙarƙashin gado, masu su sun tsufa ko sun rasu. Magaji yakan tsaya tsakanin riƙewa, da sauyawa, da miƙa wa hukuma. Sauyawar ma ta rabu: ko bindigar tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, ko ƙaramar raifil mai sakata, ko bindigar iska, ko adakar kaka da kakanni.

Abin da za a auna

Doka ce farko, kuma ita ke kashe rabin gardamar tun ba a taɓa ƙarfe ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko haramtattu ne, babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa: bindigogin yaƙi, da fistol kowace iri, da raifil masu faɗin baki irin na soja, wato milimita 7.62, milimita 9, .300 da .303. Gida na biyu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda: bindigar tsuntsu wadda ba ta ɗana kanta kuma ba ta da wani inji na ɗura harsashi, da raifil ɗin farauta wadda lambarta ba ta cikin waɗancan, da bindigar iska. Gida na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, su adaka, kuma maganarsu na wajen Kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda aka kama da ta gidan farko babu lasisi, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Ta gida na biyu kuwa har shekara 5.

Akwai wani sashe da magada ba su cika sani ba. Lasisi na mutum ne, ba ya shiga gado. Idan mai shi ya rasu, doka ta bai wa wanda kayan mamacin ke hannunsa kwana 14 kacal ya riƙe bindigar da harsasanta. Ranar da ɗan yayana ya kwance rigar nan, rabin wa'adin ya riga ya tafi. Ƙari a kan haka, a watan Agustan 2023 Sufeto Janar na wancan lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka kafin ka ɗora rai a kan kowane zaɓi a nan, taka zuwa hedikwatar 'yan sanda a Katsina ka ji halin da ake ciki daga bakinsu, ba daga bakin 'yan majalisar shayi ba.

Na biyu, me za ka harba, kuma a ina? Daga Daura ka nufi Sandamu, ko Zango, ko Baure, ko Mai'aduwa, gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye. Abin da ya rage wa maharbi shi ne zabin daji, da fakara, da kurciya, da hasbiya, da zomo, sai tsuntsayen ruwa a bakin dam irin na Sabke. Barewa da gada sun zama labarin da tsofaffi ke bayarwa. Dajin Rugu, inda ake samun naman kirki a da, yau ba mai hankalin da zai saɓa bindiga ya shiga da sunan farauta. Wasu namun ma doka ta hana taɓa su, tun daga dokar namun daji ta Arewa ta 1963 har zuwa ta tarayya ta 1985.

Na uku harsashi, don kuɗin bindiga ba ranar saye yake ba, cikinta ne ke cin kuɗi. Na huɗu ƙarko, kuma a ƙasarmu ƙarko na nufin jure ƙurar hunturu da laimar Agusta. Na biyar, wa zai gyara in ta lalace. Doka ma ba ta yarda kowane maƙeri ya buɗe bindigar gida na biyu ba sai mai izini. Na shida haɗari, ga mai ita, da iyalinsa, da wanda ke noma can bayan geza bai san ana harbi ba.

Tsohuwar mai ɗana kanta

A nan zan daɗe, don ita ce ke hana magaji barci.

Uku ne aka fi gamuwa da su a wannan zubi. Remington 742, wadda aka ƙera daga 1960 zuwa 1980, sama da miliyan ɗaya. Winchester 100, daga 1961 zuwa 1973. Sai Browning BAR ta farauta, wadda ta fito a 1967 daga masana'antar FN a Beljiyam. Duka ukun da hayaƙin harsashi suke aiki: akwai 'yar ƙofa a ƙarƙashin bututu, in harsashi ya wuce sai wani ɓangare na hayaƙin ya bi ta nan ya bangaji ƙarfen da ke mayar da sakata baya, kwanso ya fita, sifirin ya dawo da sakatar gaba ɗauke da sabon harsashi. Gidan harsashinsu yawanci huɗu yake ci. Daɗinsu a kafaɗa ba a magana, don aikin injin yana rage naushin da bindiga ke yi wa mai harbi, harbi na biyu kuma ba ya jiran komai.

Kafin ka yaba kyan itacenta, karanta lambar da ke jikin bututu. Mafi yawansu .30-06 ne ko .308, kuma faɗin bakin waɗannan biyun milimita 7.62 ne, daidai lambar da doka ta lissafa cikin na soja. Kada ka yi wa kanka fatawa cewa ai ta farauta ce, ga hoton barewa ma a jikin kwalin harsashin. In haka lambar take, ka ɗauka ta fi ƙarfin hannunka. Ta ɗan yayana .243 ce, wadda a rubuce ta faɗa gida na biyu, shi ya sa ma muke da abin tattaunawa. 'Yar'uwarsu ta tsuntsu kuwa, Browning Auto-5 mai ƙusumbi a baya, wadda aka yi ta ƙerawa tun farkon ƙarni na 20 har 1998, dokar ta fitar da ita ƙarara daga gida na biyu, komai tsufan takardar da ka tarar a akwati.

Harsashi shi ne ciwon kai na gaba. Na raifil kwalin 20 yake zuwa, kuma ko a Amurka inda ake yin sa ƙwaya ɗaya ta haura dala guda. Ka juya wannan zuwa naira, ka ɗora wahalar shigowa, sannan ka tuna ba a sayensa sai wajen dila mai rajista da lasisinka a hannu. Abin da marigayi ya bari a akwati ma sai an tantance. Duk wanda ya yi kore-kore, ko ya tsage a wuya, ko ya lotsa, ba na harbi ba ne. Tsohon harsashi kan yi nauyin baki: ka ja kunama ka ji ƙas, shiru, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. In haka ta faru, bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, ka ƙirga talatin a nitse kafin ka taɓa sakata.

Ita 742 tana da lalurori biyu da duk wanda ya riƙe ta ya sani, har maharban Amurka suka yi mata laƙabi da sarkin cijewa. Ta farko a mazaunin harsashi take, wato ɗan ɗakin da ke gindin bututu. In tsatsa ta ci shi ko datti ya taru, kwanso kan manne bayan harbi, ƙugiyar da ke fizgo shi ta yage masa gindi, shi ke nan bindiga ta zama sanda a tsakiyar daji. Ga shi kuma ƙirarta ba ta bari a shigar da sandar goge-goge ta baya, sai ta baki, shi ya sa ake haɗa ta da wani lanƙwasasshen burushi na musamman. In ka ga wannan burushi cikin kayan marigayi, ka riƙe shi da kyau. Lalura ta biyu ta fi muni: haƙoran sakata kan riƙa cizon layin da suke gudu a kai a cikin gangar jikin bindigar, harbi bayan harbi, har ya yi tsaga-tsaga. Cire gidan harsashi, tabbatar babu komai a ciki, ka haska tocila ka duba sama. In ka ga ramuka, ta gama aiki; ba walda ba ce maganinta. Kamfanin ya daina yin ta ya fito da 7400 a 1981, kuma shi kansa ya durƙushe a 2020 aka sayar da shi kashi-kashi. Kayan gyaranta sai daga jikin wata matacciyar.

Winchester 100 nata ciwon daban. A 1990 kamfanin ya yi shelar a daina harba ta sai an canza allurar da ke dukan gindin harsashi, domin takan karye ta maƙale a waje, bindiga ta tashi tun sakata ba ta kulle ba. Wace tabbas gare ka cewa wadda ta kwana a Daura tun zamanin Gowon ta ji wannan shela? In ba ka da shaidar an canza, kada ka saka mata harsashi ko ɗaya. BAR ce mai ƙashin ƙwarai a cikinsu, har yau ana ƙera jikokinta, sai dai nauyi da tsada, kuma buɗe sashen hayaƙinta ba aikin ɗan koyo ba ne.

Kula da su a ƙasarmu na da nasa ƙa'ida. Mai da ƙura in suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, suna cin ƙarfe a hankali. Don haka da hunturu ɗigo kaɗan ake sawa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a share ragowar, mazaunin harsashi kuwa a bar shi fes kuma a bushe kafin harbi. Da damina a riƙa shafa bayanta da tsumma mai ɗan maiƙo duk mako ko biyu. In man bindiga ya gagara, man keken ɗinki ya fi babu. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su yi danƙo, baƙin mai kuma datti ne tun daga galan. Naɗe ta cikin riga ko fata, kamar yadda yayana ya yi, Allah ya jiƙansa, tara mata laima ne. Da muka kwance, tsatsa ta bi sawun ɗinkin rigar layi-layi. Sannan ga zanzaro. Bututun bindigar da ke jingine a kusurwa gida ne da ya fi so, yakan cika shi da laka tam. Toshe bakin da tsumma ma ba dabara ba ce, don ranar da aka manta da shi bututu ne zai fashe. Duk fita, a leƙa a ga haske ya ratsa.

Haɗarinta kashi uku ne. Bayan kowane harbi a ɗane take, ko ka tuna ko ka manta, kuma cire gidan harsashi ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga mazauni. Harsashinta in ya kuskure yana iya tafiya fiye da kilomita 3, a ƙasar da ba tudu ba kurmi da za su tare shi. Na ukun ba a littafin kamfani yake ba. Mutum a kan babur da doguwar bindiga mai gidan harsashi, a jihar da kalmar 'yan bindiga ta tashi daga masu raka sarki hawan Sallah ta koma sunan masu satar mutane, zai sha tambaya a shingen soja, ko a hannun jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, in ma an tsaya tambayar. Kuma da zarar unguwa ta san tana gidanka, waɗanda ba ka so su sani ma sun sani.

Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne. Amma wannan zumar an yi ta ne don barewar dazukan Amurka, ba don zabin Baure ba.

Mai baki ɗaya da mai baki biyu

Waɗannan su ne jakunan aiki. A karya su a tsakiya, a saka harsashi, a rufe. Da ka karya ka ga cikin bututu da idonka, ka san ko da kaya ko babu, wanda ke nesa ma in ya hango ta a karye a hannunka hankalinsa ya kwanta. Ba ƙofar hayaƙi, ba gidan harsashi, ba layin da zai cinye. Baikal ta Rasha, musamman IZH-18 mai baki ɗaya, ta cika Afirka ta Yamma ne saboda haka: ba ta da kyan gani, ba ta kuma san ciwo ba. Nauyinta bai kai kilo 3 ba, shi ya sa take naushi a kafaɗa fiye da mai baki biyu.

Harsashinsu mai lamba 12, kwalin 25, shi ne wanda dila mai rajista ya fi ajiyewa. Ƙwayoyi yake watsawa, kuma gwargwadon girman lambar ƙwaya gwargwadon ƙanƙantarta: 6 ga kurciya da fakara, 4 ga zabo da zomo, BB mai manyan ƙwayoyi ga manyan tsuntsayen ruwa. Iyakar aikinsa mita 35 zuwa 40. Wasu na ganin wannan kasawa ce, ni kuwa a gonakin Daura falala nake ganin ta, don ƙananan ƙwayoyin ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mita sun zube.

In tsohuwa za ka karɓa, duba abu uku. Cire itacen gaba ka girgiza ta, in gaɓar na motsi ta saki. Duba bututu ko ya lotsa ko ya kumbura. Sannan tsofaffin na Ingila da yawa mazauninsu milimita 65 ne, harsashin yau kuwa 70 ne, zai shiga lafiya lau amma matsin da zai yi ya wuce abin da aka gina ta a kai. Mai baki biyu ta fi tsada, kuma in makullanta na ciki suka lalace gyaran ya fi wuya. Mai baki ɗaya kusan ba abin lalacewa sai allura da sifirin.

Wani zai ce to a sauya da fam-akshin mana, bindigar tsuntsun da ake jan itacen gabanta da hannu ta ɗauki wani harsashi, tunda ita ake yayi. An sai da kare an sayi biri ke nan. Tana da injin ɗura harsashi, don haka ita ma dokar ta fitar da ita daga gida na biyu.

Ƙaramar raifil mai sakata

Ina nufin .22, irin su Brno da CZ na ƙasar Cek. Da hannu ake jan sakata bayan kowane harbi, kuma sakatar na zarewa gaba ɗaya a goge bututu ta baya cikin minti biyar. Saitinta ba ƙarya har mita 50 zuwa 70, ba ta da ƙara, ba ta naushi, ba ta ɓata nama. Harsashinta, kwalin 50, shi ne mafi araha cikin na albarushi a duniya, sai dai samunsa a nan bai kai na lamba 12 sauƙi ba. Aibinta rainin da ake yi mata. Ɗan mitsitsin harsashin nan yana wuce kilomita ɗaya da rabi, yana kuma tsalle in ya bugi ƙasa mai tauri ko ruwa. Harbin tsuntsu a kan bishiya da ita, aika saƙo ne ƙauyen gaba.

Bindigar iska

Diana ta Jamus, ko Gamo ta Sifen, ko BSA ta Ingila. Ba albarushi, gwangwanin ƙwaya mai milimita 4.5 yakan zo da 500, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi a duk jerin nan. Kurciya, hasbiya, ɓera da gafiya a rumbu, cikin mita 25 zuwa 30, nan ne iyakarta. Zabo sai an same shi a ka. Kada a harba ta babu ƙwaya, kada a ɗiga mata mai a ramin iska, kada a bar ta a ɗane ta kwana. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ita ma tana gida na biyu, lasisi take so. Kuma da yake ana ɗaukarta abin wasa, ita ce aka fi bari inda yara ke kaiwa.

Adaka

Ba zan raina ta ba, da ita maharban Sarkin Baka suka ciyar da gidajensu, da irinta kuma ake amsa wa sarki a Hawan Magajiya da Sallar Gani. Ita ce mafi araha, kuma mai gyaranta ba ya nisa. Amma ingancinta ingancin maƙerinta ne, ba wanda ya gwada bututun da ma'auni kafin ya iso hannunka. Tokar albarushi na jan laima, in ba a wanke da ruwan zafi an busar an shafa mai a ranar ba, tsatsa na cin ta daga ciki inda ido ba ya gani. Fashewar da ke raba maharbi da yatsunsa yawanci daga uku take: ɗuri biyu bisa mantuwa, ɗuri fiye da ƙima don a ji ƙara, ko zuba mata garin harsashin zamani, wanda ƙarfinsa ya fi nata nesa ba kusa ba. Harbi ɗaya ne, sai a koma ɗuri, zabin kuwa ba sa jira.

| Zaɓi | Mai ba da izini | Kuɗin riƙewa | Ƙura da laima | Gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsohuwar mai ɗana kanta | Shugaban Ƙasa in .30-06 ko .308 ce, Sufeto Janar in irin su .243 ce | Mafi tsada | Ba ta jurewa sai da hidima | Da ƙyar, kayan sun yi ƙaranci | Kullum a ɗane. Harsashi mai nisa |
| Mai baki ɗaya | Sufeto Janar | Matsakaici | Tana jurewa sosai | Mai sauƙi | Naushi. Toshewar bututu |
| Mai baki biyu | Sufeto Janar | Ya ɗara na baki ɗaya | Tana jurewa | Matsakaici | Tsohon mazauni da sabon harsashi |
| .22 mai sakata | Sufeto Janar | Kaɗan, in an sami harsashi | Tana jurewa | Mai sauƙi | Nisa da tsallen harsashi |
| Bindigar iska | Sufeto Janar | Mafi sauƙi | Tana jurewa | Sifirin da roba | Hannun yara |
| Adaka | Kwamishinan jiha | Kaɗan | Tsatsa daga ciki | A kusa | Fashewa |

Ko wacce ka ɗauka, ma'ajiya ɗaya ce: akwatin ƙarfe mai kwaɗo, bindiga babu komai a cikinta, harsashi a wani wurin daban da nasa makulli. In ta ɓace ko an sace, doka ta ɗora maka kai rahoto. Wuƙa kuma ba ta barin aljihun maharbi. Bisimilla a lokacin harbi, in an tarar da sauran rai a yanka.

Wa ya dace da wacce

Mai fita bayan girbi neman zabo da fakara da zomo, wanda ke da lasisi ko hanyar samunsa, mai baki ɗaya ta ishe shi. In yana yawan harbin tsuntsu a sama kuma aljihu ya yarda, ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai baki biyu. Wanda damuwarsa ɓarnar kurciya da gafiya ce a rumbu ko lambu, bindigar iska. Mai haƙurin laɓewa da sanyin hannu, wanda ke da wurin da tudu ko gaɓar rafi ke bayan abin harbinsa, shi ne mutumin .22. Ɗan gidan maharba da ke ƙarƙashin Sarkin Baka, ko mai fita hawa, adaka gadonsa ce, ya dai yi mata rajista ya kuma san maƙerinta. Wanda kuwa tsoron dare ne ya sa yake kallon bindigar gado, ba farauta ba, ya sani tsohuwar da ke cijewa ba abin jingina rai ba ce, lasisin farauta ma ba don wannan aka yi shi ba. Ya nemi masu unguwa da jami'an tsaron yankinsa a yi shiri na gayya.

Riƙe mai ɗana kanta ya dace da mutum ɗaya ne tak: wanda lambar tasa ba ta soja ba ce, layin cikinta lafiya, ya sami lasisi da sunansa, yana da mai gyara mai izini, kuma ya yarda zai yi mata hidima fiye da yadda za ta yi masa. Ko shi ma sai ya tuna dukiyar gado ce, a yi mata kuɗi a saka a lissafi, 'yan'uwansa mata na da rabo a ciki. In .30-06 ce ko .308, ko Auto-5, ko babu takarda sam, hanya ɗaya ce, a miƙa.

Ɗan yayana malamin makaranta ne, rabonsa da daji tun yana sakandare. Da muka haska tocila, layin ya fara tsagewa ta gefe ɗaya. Ranar Litinin, kwana 10 da rasuwar, na fara zuwa ni kaɗai na shaida wa 'yan sanda abin da za mu kawo, sannan muka dawo tare da ita a but ɗin mota, gidan harsashi a cire, sakata a buɗe, kwalaye biyu da rabi na harsashi a jaka daban, ga littafin lasisin marigayi da takardar shaidar rasuwa. Aka rubuta lambar jikinta, aka ƙirga harsasan a gabanmu, muka karɓi rasit. Maɗaurin fatar da ake ratayawa, wanda wani baduku ya yi wa mahaifinsa, shi ya kwance ya sa a aljihu kafin mu shiga.